Yadda Na Gauraya Maganin Lawal a Abuja

Tun da muka dawo daga Abuja ban auna tiya goma a jere ba sai wani ya dafa buhu ya ce in ba shi labari. Wannan ya ce da gaske ne fitilun titi ba sa mutuwa, wancan ya ce an ce na ga shugaban ƙasa. Ban gan shi ba, shi ma bai gan ni ba, mun yi canjaras. Abin da ya dame ni shi ne kullum na maimaita sai labarin ya ƙara ƙiba. Shekaranjiya na ji bakina yana cewa benen asibitin hawa talatin ne, alhali huɗu ne. Shi ya sa na sayi littafin 'yan makaranta na ce bari in zuba shi sau ɗaya yadda ya faru, kafin in zama maƙaryaci da furfurata. Aji uku na yi a firamare aka kore ni saboda ƙadangaren da na ajiye wa malami a aljihu, sauran na ƙarasa a yaƙi da jahilci. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Ga wanda bai sani ba, Lawal wanzami taubashina ne, ɗan goggona. Shekara sittin da ɗoriya muna zagin juna, ni in ce masa bawana, shi ya ce ko kyauta aka ba shi ni sai ya nemi ciko. Rabin kawunan unguwarmu a Malumfashi ta hannunsa suka bi. Bayan ƙaramar salla, wata safiya yana wasa aska, askar ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin azahar baki ya karkace, ɓarin dama ya shanye. A asibiti suka ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, mata suka ce iska ce. Aka yi na asibiti, aka yi na gida. Ƙafa ta dawo yana ja da sanda, magana ta dawo rabi-rabi, kalma ɗaya sai ya yi mata naƙuda. Hannun dama kuwa ya lanƙwashe a ƙirji kamar mai ɓoye abin da ba ya so a gani. Ba yunwa Lawal ke tsoro ba, 'ya'yansa na ciyar da shi. Zaman ne ke cin sa, yana kallon mutanen da ya yi wa askin suna suna wuce shi zuwa shagon masu inji. Abin da yake so ɗaya ne, ya sake riƙe aska.

Ana nan sai Kabiru ya bugo waya. Ɗan ƙanwar Lawal ne, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya. Ya ce wani babban asibiti a Abuja na gwajin sabon magani a kan masu irin wannan ciwo, ko zai taimaka hannu ya dawo, amma sai wanda ciwon bai daɗe a jikinsa ba, don haka a yi sauri. Kuma dole a zo da ɗan jinya da zai zauna wata uku. Damina ta faɗi, 'ya'yan Lawal na gona, matarsa ba ta iya doguwar tafiya. Aka duba dangi kaf, aka ga ni kaɗai ne in na ɓace wata uku ba abin da zai tsaya. Da aka gaya wa Lawal ni ne ɗan rakiya, ya daɗe yana kokawa da harshe, sannan ya fitar da kalma guda: “Asara.”

Muka shiga fijo a tasha, Lawal a gaba, ni a baya tsakanin wani mai albasa da wata mata da ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu bar gari. Na riƙo wa Kabiru tsaraba, rabin buhun gero da zabi biyu. Ba mu kai Funtuwa ba zabuwa ɗaya ta kwance ƙafa ta hau kan direba. Muka tsaya, fasinja shida muna farauta a cikin mota, direba na tambayar wane marar hankali ne ya shigo da tsuntsu. Na taya shi neman marar hankalin har muka gaji.

Zariya ta wuce, Kaduna ta wuce, ni dai ba abin da nake yi sai tambayar ko mun kusa. A Tafa aka tsaya cin abinci. Nan na ga abin da ban yi tunaninsa ba. Aka ajiye wa Lawal tuwo, ya dubi kwanon, ya dubi mutanen da ke kan benci, ya juya fuska bango. A gida da hagu yake ci a cikin ɗaki, ba mai gani. A bainar jama'a kuwa dattijo ya kai loma da hagu, gara masa yunwa. Na ce in ba shi a baki, ya harare ni. Sai na naɗe hannun damana a cikin riga, na kama ci da hagu, miya na bin gemu. Mai albasa ya tsaya yana kallona. Na ce masa ai haka manyan Abuja ke ci yanzu, muna koyo ne tun daga hanya. Lawal ya ja kwanonsa ya ci. Namansa kuwa ni na cinye, don an hana shi gishiri, ni kuma mutum ne mai tausayi.

Abuja ba ƙasa ba ce daban, amma a iyakarta sai da aka nemi takarda. Daf da Zuba wasu masu riguna ruwan ɗorawa suka jawo katako mai ƙusoshi, suka leƙa mota, suka ce ina takardar zabi. Na ce ranka ya daɗe, zabin nan irina ne, ba su yi makaranta ba. Wannan magana ta jawo mana tsayuwar sa'a guda a rana, direba na ba da haƙuri, fasinjoji na tsine mini a ciki. Dutsen nan da ake cewa yana da fuskar mutum, na gan shi. Fuskar Lawal ce sak in an taɓa masa zabira.

Kabiru ya tarye mu a Zuba da motarsa, cikin kwat, rabin maganarsa Turanci. Yaron kirki ne, amma gidansa ɗaki biyu ne a saman bene, matarsa ma aiki take fita. Ta karɓi gero da godiya, zabi kuwa ta ce ba inda za ta sa su, sai dai in koma da abina. Masauki ya samar mana a Kuje, ɗaki guda a bayan shagon wani Bakatsine mai sayar da siminti. Mutumin ko gaisawa ba ya ƙarasawa, saboda garin nan kowa gini yake. Duk inda ka duba rodi ne a tsaye da tifa na juye yashi, ka kwana da fili a gabanka ka tashi da katanga.

Al'adunsu sai a hankali. A cikin birni ba acaɓa, an hana. Ba a zuwa gidan mutum sai an buga masa waya, ko da kawunsa ne kai. Ka yi wa mutum sallama a titi sai ya dafe aljihu. A Kuje ne na ɗan ji ƙamshin gida, akwai kasuwa, akwai manoma. Matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Na tambayi wata mai itace dalili, ta dube ni sama da ƙasa ta ce kan mutum ai ba jaki ba ne. Na tuna buhunan da na ɗora wa nawa kan shekara arba'in. Sakwara kuwa na ci har na fara mafarkin tuwon dawa da rana tsaka.

Ranar farko a asibiti aka sa mu a akwatin nan mai hawa bene da mutane. Da ya motsa na riƙe Lawal don kada ya faɗi, shi kuma da sandarsa ya tare ni. Likitar da ke kula da gwajin mace ce, Bazazzagiya, Likita Maryam, ba ta kai ɗiyata ta uku ba. Bayan an gama aune-aune da hoton kai aka ce Lawal ya cancanta, ta zaunar da mu ta karanta mana wata doguwar takarda da Hausa, layi-layi, ba gaggawa. Ta ce maganin sabo ne, ba a san ko yana aiki ba, abin da ake son a gano ke nan. Ta ce rabin masu shiga za a ba su na ainihi, rabi kuma ƙwaya ce da ba komai a cikinta, launi ɗaya, girma ɗaya, ɗanɗano ɗaya. Na'ura ce ke jefa ƙuri'a. Ita kanta ba ta san wanda ya samu wanne ba, amsar kowa na cikin ambulan a kulle, ba a buɗewa sai in rai na cikin haɗari. Kowa kuma za a yi masa gashi da motsa hannu, a kula da hawan jininsa. Wanda ya ga dama ya fita ko yaushe. Sharaɗi dai kada a sha wani magani ba da saninsu ba, kada kuma a ba wani nasa.

Na ce, “Likita, ke da kika yi karatu har gashin kanki ya gaji, ba ki san abin da kike ba mutum ba? A garinmu ko mai tallan magani a tasha ya san nasa.”

Ta yi dariya ta ce, “Baba, in ɗanka da ɗan wani suna tsere, kai ne alƙali, wa zai ci?”

Na ce nawa, ko da rarrafe ya iso.

Ta ce to shi ya sa aka rufe mata ido. Ta ƙara da cewa masu wannan ciwo da yawa suna samun sauƙi da kansu a hankali, in ba a ajiye kashi biyu an gwada ba, ba yadda za a san aikin magani ne ko aikin lokaci. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Amma gaskiya abu ɗaya ne ya zauna mini: ana iya jawo mutum tun daga Malumfashi a ba shi fanko wata uku. Lawal ya dangwala da babban yatsan hagu. Ni na sa hannu a matsayin shaida, sunana ya ci layi biyu.

Aka ba ni kwalbar roba mai lamba, ba suna, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Murfin ya ƙi buɗuwa. Na murɗa, na ciza, na nemo wuƙa, sai washegari nas ɗin gwajin, wata Bayarabiya, Sista Bola, ta nuna mini dannawa ake yi sannan a murɗa. Tana ce mini “Baba, kin gane?” ina cewa na gane, uwar ɗakina.

Duk mako akwai jarrabawa. Akwati ne da aka raba tsakiyarsa, gefe ɗaya cike da 'yan guntayen katako. Mai ciwo zai ɗauka da hannun da ya shanye ya tsallakar da su ɗaya gefen, Sista na riƙe da agogo, minti ɗaya. Makon farko Lawal ya tsallakar da biyu, gumi na zuba kamar ya yi huɗa. Mako na biyu, biyu. Na uku, uku. Na huɗu ya koma biyu. Duk ranar da muka dawo sai ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa, kamar mai jiran baƙo.

A bencin jira muka san Alhaji Ndagi, Banufe, tsohon direban gwamnati, shi ma a Kuje yake zaune. Yana jin ni Bakatsine ne ya ɗaga sanda ya ce alhamdu lillahi, ya tsinci bawansa da ya ɓata. Na ce bawa dai wanda aka haifa a cikin kwalekwale. Daga ranar mota ɗaya muke shiga, kuma matarsa kan aiko mana da tuwon shinkafa da miyar kifi. Shi ma gwajin yake, shi ma hannun dama, ya riga mu da mako ɗaya. Matar nan tasa ba ta barin sa ya huta, kullum ka je za ka tarar ta ajiye masa tire yana tsince tsakuwa daga shinkafa da hannun ciwon, yana mita. Na gani, ban ɗauke shi komai ba. Abin da na ɗauka shi ne katakon Ndagi: ya fara da huɗu, ya kai tara, ya kai goma sha uku.

Ni mutum ne da ban iya zama ba. Kwana shida a mako ba aikin fari ba na baƙi, sai in shiga kasuwar Kuje ina yi wa masu awo faɗa a kan mudunsu mai lotsattsen gindi, har suka fara ɓoye mudu in sun hango ni. In na dawo in tarar da Lawal yana kallon hannu, sai in sake fita. A wannan yawon na yanke hukunci: na Ndagi ne na ainihi, na Lawal garin rogo ne. Na je wa Kabiru, har da buga waya tukuna, na ce ba shi da wani oga da zai yi magana a canza ƙuri'a? Ya ce, “Kawu, wannan ba a yi masa hanya.” Na ce a Abuja? Ya ce ko a Abuja. Zabuwa ɗaya mun riga mun cinye, na kai wa Sista Bola ɗayar a cikin kwali. Ta ce in mayar, ita ma ba ta san komai ba, kuma ko ta sani ba za ta faɗa ba.

To a nan sana'ata ta yi mini magana. Mu masu awo, in buhu biyu ne, ɗaya mai kyau ɗaya mai shakka, masu saye kuma 'yan'uwan juna ne, ba ka ba ɗaya mai kyau ka bar ɗaya da asara. Juyewa kake ka gauraya, kowa ya samu rabin alheri. Kuma a garinmu wa ya taɓa shan magani shi kaɗai? Ragowar ƙwayar zazzaɓi sai ta zaga gida biyar. Na ga cewa abin da likitoci suka kasa saboda yawan karatu, ni zan gyara shi da faifai.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, washegarin da aka ba mu sababbin kwalabe, na bar Lawal yana hutawa, na jefa kwalbarsa a aljihu na tafi gidan Ndagi. Muna zaune a gindin kashu na zayyana masa dabarar. Ya ce amma fa mun dangwala hannu. Na ce dangwale na likita ne, zumunci na Allah ne. Ya ce hannunsa na dawowa, kada a taɓa masa. Na ce rabin abin da ya kai ka goma sha uku ai ya isa ya riƙe ka, shi kuwa wancan bawan Allah ko aska ba ya iya ɗagawa. Na tuna masa tun kakanni Banufe bai taɓa hana Bakatsine abin da ya roƙa ba. Ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya miƙo kwalbar. Na juye biyun a faifai, na sheƙa su yadda nake yi wa gero, na raba daidai na mayar. Sista takan ƙirga ragowar ƙwaya duk mako, to lissafi ba zai nuna komai ba. Na koma masauki ina jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro jirgin sama. Lawal ban gaya masa ba.

Ranar Talata, ranar asibiti, tun a mota Ndagi ke susa. Kafin mu isa wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu. Muna hawa bene leɓɓansa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Nan da nan aka ɗora shi a gado aka tura ciki, matarsa na bin su da salati. Can Sista Bola ta fito da sauri, na tare ta. Ta ce an yi masa allura, kuma Likita ta buga waya a ba ta izinin buɗe ambulan ɗinsa. Na ce me ambulan zai yi masa? Ta ce in ya nuna na ainihi yake sha, sun san abin da suke yaƙi da shi. In ya nuna ba komai, to ba daga ƙwayar ba ne, sai su koma neman dalili a wani wuri.

Ambulan ɗin nan abin da ke cikin kwalbar Ndagi kafin Laraba ya sani, bai san faifaina ba. Duk abin da ya faɗa yanzu rabin gaskiya ne, kuma da shi za a yi wa mutum magani. Ndagi na kwance da roba a hanci, ba ya magana. Ni kaɗai na sani. In kuma na faɗa, an karanta mana sharaɗi, Lawal ya fita daga gwajin, tafiyarmu ta zama yawon banza. Na sauka bene, na hau, na sake sauka. Na shiga bayi ba abin da zan yi. Na ce wa kaina wataƙila kifi ne. Na ce ai an yi masa allura, zai warware. Na zo wucewa karo na biyar Lawal ya sa sanda ya tare mini ƙafa.

“Me?” ya ce.

Na zauna kusa da shi na gaya masa duka, har da faifai. Na ce in na yi magana za su cire ka. Bai dube ni ba. Ya dubi hannunsa, ya daɗe, har na zaci bai gane ba. Sannan ya ɗaga sandar ya nuna ƙofar Likita.

“Je.”

Na ce Lawal, askarka fa.

Ya buga sandar a ƙasa. “Je.”

Na shiga na gaya wa Likita komai. Na zaci za ta yi ihu ko ta kira 'yan sanda. Da ta yi hakan da na fi jin daɗi. Biro kawai ta ɗauka tana tambaya: wace rana, ƙwaya nawa, kowa ya sha nawa tun daga lokacin. Ta sake buga waya ta ce ambulan biyu za a buɗe, ba ɗaya ba. Ta wuce ni ta shiga wurin Ndagi.

Sai bayan azahar ta kira mu. Ta ce kumburin ya fara saɓewa, Ndagi zai tashi in Allah ya so. Sannan ta ce tunda an buɗe, haƙƙinmu ne mu sani. Kwalbar Ndagi ce ba komai a ciki. Ta Lawal ce ta ainihi, tun ranar farko. Wato abin da jikin Ndagi ya ƙi, ni na auna masa shi daga kwalbar taubashina, shi kuma taubashina na musanya masa rabin nasa da fanko. Goma sha ukun nan da ta hana ni barci, gashi ne da tsintar shinkafa da ikon Allah.

Ta ce kada in ɗauka da ban taɓa ba lalle Lawal zai warke. Wataƙila maganin sai a wata na uku yake nuna kansa, wataƙila ba ya yin komai sam. Ba wanda ya sani, tambayar da ake yi ke nan, kuma amsar ba ta mutum biyu ba ce, ta duk wanda ciwon nan zai kama nan gaba ce. Ta ce, “Baba, kai mai awo ne. In ka gauraya gero da gero, kana iya mayar da kowanne buhunsa?” Na ce ba a iyawa. Ta ce to haka na yi wa amsar mutum biyu. Dole ta rubuta wa kwamitin da ke sa musu ido, kuma dole a tsayar wa su biyun da ƙwayar. Gashi dai za a ci gaba da yi musu har ƙarshen wata, a kuma riƙa duba su. Abin da ya fi ƙona ni, ta ce ita ma da laifinta, ta ga ina gyaɗa kai ta ɗauka na gane. Daga yau duk ɗan jinya sai ya maimaita mata bayanin da bakinsa.

Kwana uku aka sallami Ndagi. Na je gaishe shi ina jan ƙafa. Ya ce tun kakanni an ce alherin Bakatsine sai da carbi a hannu ake karɓarsa, shi ne bai ji ba. Matarsa ba ta amsa gaisuwata ba. Na ajiye mata zabuwar nan da kowa ya ƙi, ta ɗauka ba godiya, na ji ana wasa wuƙa. Kabiru ya zo ya ce, “Kawu, ka ba ni kunya,” ya faɗa da Hausa zalla, ba Turanci ko ɗaya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Lawal ne ya daina yi mini magana. Ba zagi, ba harara. In na ajiye abinci ya ci, in na kama shi mu hau mota ya bari. Shekara sittin ban taɓa kwana biyu ba tare da ya kira ni da sunan wata dabba ba, sai ga mako uku shiru. Na sayo shinkafa mai tsakuwa na zuba a tire na ajiye masa. Ya juya mini baya ya kama tsinta. Haka kullum, daga hantsi har azahar, ina jin ƙarar tsakuwa ɗaya-ɗaya a kan tire ina zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure. Jarrabawar ƙarshe ya tsallakar da katako shida. Ko na rabin maganin ne, ko na shinkafa, ko na haushina, Likita ma ta ce ba ta sani ba.

Hanyar dawowa ba labari. Ba zabi, ba wanda ya tare mu. A Tafa ya ci tuwonsa da hagu, ko kallon mutane bai yi ba.

Mun yi mako da dawowa, ranar Juma'a da hantsi, aka ce Lawal na kira na. Na tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, ga ruwa a kwano, ga sabulu, ga zabira a buɗe. Ya sa hannun hagu ya ɗora askar a cikin na dama, ya matse yatsun a kanta ɗaya bayan ɗaya. Hannun na rawa, bakin askar na walƙiya. Ya nuna mini tabarma da haɓa. Na ce ai kaina ciwo yake yau. Na ce gashin ma bai taru ba. Na ce a bari sai bayan masallaci.

“Zauna,” ya ce.

Mutane sun fara taruwa. Na cire hula, na yi kalmar shahada a ɓoye, na miƙa kai. Askin da yake yi kafin a sha kofin shayi, sai da ya kai mu kiran salla na farko. Ya yanke ni wuri huɗu. Sau biyu askar na faɗuwa a cinyata, yana ɗauka da hagu yana mayar wa dama. Ina jin numfashinsa a ƙeyata kamar mai hawan dutse, ban motsa ba. Da ya gama kan ya zama kamar gonar da rago ya nome, nan fes, can ciyawa. Ya goge askar, ya ja baya, ya ƙare wa aikinsa kallo. Bakin ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

“Ashe... kan jakin nan... yana da amfani.”

Juma'a uku ke nan, yanka ya ragu zuwa biyu. Har yanzu ba wanda ya yarda ya zauna masa sai ni. Ku masu son labarin Abuja, ga shi nan na ba ku kyauta. Wanda ya ji daɗinsa ya zo ranar Juma'a da hantsi ya karɓe ni, tabarmar na da faɗi.